Ƙarancin Testosteron a Jikin Maza Masu Ƙarin Furolaktin: Wanne Ake Fara Magancewa?

A ƙasan ƙwaƙwalwa, can bayan karan hanci, akwai wata 'yar halitta da girmanta bai wuce ƙwayar wake ba, wadda likitoci ke kira fituwitari. Ita ce ke aika wa maraina umarni ta hanyar sinadarai biyu, LH da FSH, domin su samar da testosteron da ƙwayoyin haihuwa. Idan ƙari ya tsiro a jikinta, irin wanda ke fitar da furolaktin fiye da kima, sai wannan umarni ya raunana. Furolaktin dai shi ne sinadarin da ke kawo wa mai jego ruwan nono, amma yawansa a jinin namiji yana danne saƙon da ƙwaƙwalwa ke turo wa fituwitari, ita kuma sai ta rage nata. Ke nan maraina lafiyarsu ƙalau, umarni ne ya daina iso musu.

Mace takan farga da wuri, domin al'adarta kan rikice. Alamomin namiji kuwa, wato raguwar sha'awa da rauni wajen kusantar iyali da kasala da jinkirin haihuwa, abubuwa ne da kunya ke sa a ɓoye, ko a nufi masu tallar maganin ƙarfin maza. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa ƙarin maza yakan kai milimita 10 ko fiye kafin a gano shi, wani lokaci har ya danne jijiyoyin gani, mutum ya daina hangen gefe da gefe.

Bayan gwajin jini da hoton MRI sun tabbatar da cutar, ƙarin ake fara tunkara, kuma galibi ba sai an yi tiyata ba. Ana amfani da magungunan da ke kwaikwayon aikin dofamin, sinadarin da ke taka wa furolaktin burki. Buromokiriftin ana shan sa kullum, kabagolin kuwa sau ɗaya ko biyu a mako, kuma shi aka fi fifitawa saboda ya fi ƙarfi, jiki kuma ya fi jure masa. Furolaktin yakan sauka cikin makonni, ƙarin ya motse, amma testosteron yakan ɗauki watanni kafin ya farfaɗo. A nan ne haƙurin majiyyaci da yawa ke ƙarewa.

Gaggawar karɓar allurar testosteron tana da illa biyu. Ta farko, testosteron da ya shigo daga waje yana sa fituwitari ta ƙara rage LH da FSH, sai ƙwayoyin haihuwa su ragu, har ma su ɗauke. Magidancin da ya je asibiti neman haihuwa zai ji ƙarfi ya dawo, alhali an ƙara nisanta shi da abin da ya je nema. Ta biyu, jiki yana juya wani ɓangare na testosteron zuwa istirojin, shi kuma yana iya zuga ƙarin ya ƙara fitar da furolaktin.

Duk da haka, akwai mazan da testosteron ɗinsu ba ya dawowa, musamman idan babban ƙari ya riga ya lalata sassan fituwitari. Barin su haka kuskure ne, domin ƙashi yana raunana, tsoka ta zube. Wanda ba ya neman haihuwa ana iya ba shi testosteron, ta allura ko man shafawa, bayan an auna jininsa da safe a ranaku biyu mabambanta, sannan a ci gaba da bibiyar furolaktin da kaurin jini da lafiyar furostet. Mai neman haihuwa kuwa allurar hCG ta fi dacewa da shi, domin tana yin aikin LH, ta tayar da maraina su samar da nasu. Idan ba ta wadatar ba a haɗa da FSH.

Shi ma kabagolin yana buƙatar sa ido. Ban da tashin zuciya da jiri, yakan sa wasu su kasa kame kansu wajen caca ko kashe kuɗi ko sha'awa, kuma sau da yawa iyali ne ke fara lura da sauyin kafin majiyyacin, don haka yana da kyau likita ya sanar da su tun ranar da aka fara maganin.