Wilin mota ya lanƙwashe: a gyara ko a sauya?

Ko ba ka da mota, kana shiga ta wani. Wasu cikinmu na zuwa lacca da motar gida, wasu na kabu-kabu a ƙarshen mako don haɗa kuɗin makaranta, sauran kuma muna cikin motar haya duk hutu. Saboda haka maganar wili ta shafe mu duka, musamman da damina, lokacin da ruwa ke ɓoye ramukan titi.

Wili iri biyu ne a titunanmu. Akwai na ƙarfe, baƙi mai nauyi, wanda ake rufe wa fuska da roba. Akwai kuma na alminiyam, wanda samari ke saye don gayu bayan sun cire na kamfani. Matsalar takan fara ne daga wannan sauyin. Ɗauki motar da ta zo da taya 195/65 R15: tsawon gefen tayar kusan milimita 127 ne. Idan mai ita ya sa wili mai inci 18 da taya 225/40, gefen ya koma milimita 90. Wannan roba da iskar cikinta su ne katifar da ke shanye dukan rami. Da katifa ta ragu, wili ne zai sha duka.

Ta yaya za ka gane ya lanƙwashe? Sitiyari zai riƙa rawa idan ka kai gudun kilomita 80 zuwa 100 a awa. In wilin baya ne, a kujera za ka ji. Taya marar tiyub za ta riƙa sacewa a hankali, kullum kana wurin mai faci amma bai ga ƙusa ba. Ɗaga motar da jak, ka juya tayar, ka riƙe alli daf da bakin wilin: inda allin ya taɓa ya bari, nan ne matsalar. Ka leƙa ta ciki sosai, domin bakin ciki ne ya fi lanƙwashewa, tunda hannayen wilin ba su tallafe shi ba. 'Yan sashen kanikanci sun san agogon awo na wokshop yana nuna wannan karkata dalla-dalla.

To, a gyara ko a sauya? Amsar tana ga abu biyu: da me aka yi wilin, kuma a ina ya samu rauni.

Wilin ƙarfe yana da haƙuri. Idan bakinsa ne ya lotsa, ƙwararren bakanike zai iya miƙe shi, a yi balansin, a ci gaba da tafiya. Na alminiyam ba haka yake ba. Yawancinsa zubi ne, an narka an zuba a mazubi, sannan aka gasa shi da wani ƙayyadadden zafi don ya yi ƙarfi. Guduma tana iya tsaga shi. Wuta kuma ta fi guduma haɗari: ƙarfe yakan yi ja ya gargaɗe ka, amma alminiyam ba ya sauya launi har ya narke a wajen digiri 660, kuma tun kafin nan ƙarfin da gashin ya ba shi ya tafi. Wilin zai fito sumul a ido, alhali ya yi laushi. Idan lanƙwasar ƙarama ce kuma a baki take, a kai shi inda ke da injin miƙe wili mai matsawa a hankali, a duba tsagewa kafin aiki da bayansa.

Akwai inda ba a ciniki. Idan tsagewa ta kama hannun wili, ko ramin noti, ko tsakiyar da ke zama a kan hob, a sauya. Idan wilin ya murɗe gaba ɗaya yana lilo hagu da dama, a sauya. Idan an taɓa yi masa walda ya sake buɗewa, a sauya. Mai walda zai ce maka, "Oga, kawo in ɗinke maka, ba abin da zai yi." Shi ba ya cikin motar ranar da wilin zai rabu a kan babbar hanya da mutum biyar a ciki.

Gargaɗi na musamman ga masu zuwa koyon aiki a gareji: kada a taɓa kai wuta ko walda kan wilin da taya ke jikinsa, ko da an sace iskar. Zafi yana sa robar ta fara ruɓewa daga ciki tana fitar da gas, tayar ta fashe kamar bam. A cire tayar tukuna.

In za ka sayi wani, kada kyau ya ruɗe ka. Duba yawan ramukan noti da tazararsu: Camry da Accord da yawa 5×114.3 ne, Peugeot 406 kuwa 4×108. Duba lambar ET da ke nuna yadda wilin zai shige ciki ko ya fito waje, da faɗin ramin tsakiya. Alamar JWL ko VIA tana nufin ƙa'idar gwaji ta Japan, sai dai ana buga ta jabu, don haka ka san wurin wanda kake saye. In na hannu ne, juya bayansa: sabon fenti a wuri ɗaya ko tudun walda da aka goge alama ce ta tsohon ciwo.

Idan aljihu bai kai ba, babu kunya a koma wa wilin ƙarfe na kamfani. Ya fi araha, ya fi jure ramukanmu, kuma ana iya gyara shi a kowane gari. A kuma riƙa duba iskar taya da safe kafin ta yi zafi, bisa adadin da ke rubuce a jikin ƙofar direba, domin taya mai ƙarancin iska ita ce ke miƙa wili ga bakin rami.