Ƙwayar masara ma da guzurinta take zuwa

Tunda damina ta kawo jiki, kuma da yawanmu na shirin noma masara da waken suya don rage tsadar abincin kaji, bari mu leƙa cikin ƙwayar da za mu shuka.

Duk mai kiwo ya san ɗan tsako kan yi kwana 2 zuwa 3 yana rayuwa da sauran gwaiduwar da ke cikinsa, haka ma 'ya'yan tarwada bayan ƙyanƙyasa. To masara ma haka take. Jiƙa ƙwaya ɗaya ta kwana, ka tsaga ta. Wannan ɗan farin da ke gefe kusa da tsininta shi ne ɗan tayin, mai rai. Sauran garin, sama da kashi 80 cikin 100 na ƙwayar, guzurinsa ne. Shi ne dai garin da muke niƙa wa kajinmu.

Idan ƙwaya ta sha ruwa kamar kashi 30 cikin 100 na nauyinta, sai ɗan tayin ya farka, ya fara narkar da garin ya zama sukari yana sha. Saiwa ce ke fara fita, sannan tsiro. Har ta yi ganye 3, yawancin abincinta daga guzurin nan yake.

Nan ne ake asara. Kai irin ƙasa da zurfi sosai, ya cinye guzurinsa kafin ya ga rana. Santimita 4 zuwa 5 ya isa. Irin da ƙwaro ya huda kuwa, an riga an ci masa rabo. Shi ya sa ni ban yarda mutum ya auno masarar abinci a kasuwar Funtua ko Dandume ya ce iri ya saya ba. A nemi ingantacce, kamar su SAMMAZ na cibiyar IAR Samaru.

Sai masu gaggawar ruwan farko. Ƙwayar da ta farka ba ta komawa barci. Idan yayyafi ya tashe ta, ruwa ya ɗauke, sai sabon shuka.

Waken suya ya fi laulayi. Guzurinsa na cikin ɓari biyun nan, kuma sai ya ɗago su waje da wuyansa. In ƙasa ta yi ɓawo bayan ruwa mai ƙarfi, wuyan kan karye.

Kashin kaji ɗanye ko takin zamani kada ya taɓa iri, yana ƙona jaririyar saiwa. Watsa kashin tun wajen gyaran gona, NPK kuma bayan kwana 10 zuwa 14.

Kafin ka kwashi iri zuwa gonarka ta Malumfashi ko Bakori, ƙirga ƙwaya 100, nannaɗe a jiƙaƙƙen buhun algarara, kar ka bari ya bushe. Bayan kwana 7 ka ƙirga masu tsiro. In ba su kai 85 ba, ƙara yawan iri ko ka canza shi.