Hira Da 'Yan'uwa Ba Tare Da An Gurgunta Kwamfuta Ba

A ƙarshen kowane zangon karatu, mu malaman makaranta a nan Tcholliré mukan shiga wani hali da duk mai aiki da kwamfuta ya sani. Ga makin ɗalibai da za a shigar, ga shugaban makaranta yana jiran takardun sakamako, ga wutar lantarki wadda ba ta sallama kafin ta tafi. A irin wannan lokaci ne mutum zai kunna kwamfutarsa, ya zauna yana kallonta kamar mai jiran motar Garwa a damina. Kafin ta gama farkawa batir ya yi rabi. Sau da yawa mukan ɗora laifin a kan tsufan na'urar, alhali kuwa babban mai laifin shi ne manhajojin hira da muka cika ta da su.

Ba yau aka fara ba. Waɗanda suka yi zaman shagunan intanet a Garwa da Ngaundere za su tuna da Yahoo Messenger da MSN Messenger, waɗanda kan faɗo kan allo da zarar an kunna na'ura. ICQ, wadda ta fito a 1996, an rufe ta a 2024. MSN ta bar fage a 2013, Yahoo Messenger a 2018, Skype kuma a watan Mayu na 2025. Yau WhatsApp da Telegram ne suka gaje su, kuma sun gaji halin nan na son zama a faɗake dare da rana.

Domin mu fahimci abin da ke faruwa, mu ɗauki misalin ofishin malami. Akwai kabad inda ake ajiye takardu, akwai kuma tebur inda ake aiki. Kabad shi ne rumbun ajiya na kwamfuta, tebur kuwa shi ne abin da masana ke kira RAM. Duk manhajar da ke buɗe tana shimfiɗa kayanta a kan teburin nan. Idan ya cika, sai Windows ta riƙa kwashe wasu kaya zuwa kabad tana dawo da su, kuma wannan kai da kawowa shi ne nauyin da muke gani. Manhajar hira kuwa ko an danna alamar rufewa ba lalle ta tafi ba, takan laɓe ne kusa da agogo tana jiran saƙo, kayanta na nan bisa tebur.

Teburanmu kuma ƙanana ne. Yawancin kwamfutocin da ke hannunmu na hannu ne da aka yi amfani da su a Turai. Akwai kuma 'yan ƙananan nan masu tambarin PB HEV, daga cikin guda 500,000 da gwamnati ta fara raba wa ɗaliban jami'o'i a ƙarshen 2017, waɗanda da yawansu suka dawo gida tare da ƙannenmu daga Ngaundere da Marwa. Teburinsu giga 2 ne, kabad ɗinsu giga 32, Windows kuma ta riga ta cinye kaso mai yawa. Hausawa sun ce daidai ruwa daidai tsaki. Wanda ya ɗora wa irin wannan na'ura manhajojin hira uku ya ɗora wa jaki kayan raƙumi.

To, mene ne abin yi? Na farko, a hana su tashi tare da kwamfuta. A danna Ctrl da Shift da Esc a lokaci guda, sai Gestionnaire des tâches ya buɗe, tunda galibin na'urorinmu da Faransanci suke magana. A shiga sashen Démarrage, a kashe duk manhajar hira da aka gani a jerin. Wannan bai goge ta ba, sai dai ba za ta shigo ba sai an kira ta. A nan ne kuma za a ga wace manhaja ce ta fi cin wuri.

Na biyu, ba dole ne a girka manhaja ba. Tun 2015 ana iya buɗe WhatsApp a cikin shafin intanet, haka ma Telegram. Idan za a karɓi takarda daga rukunin malamai, a buɗe shafin, a sauke takardar, a rufe. Sai dai a kula, shafuka goma a buɗe sun fi manhaja guda nauyi, don haka ɗaya ko biyu sun wadatar. Wanda kuma ya buɗe hirarsa a kwamfutar makaranta ko ta shago, ya tabbata ya fita daga asusunsa kafin ya tashi, don kada sirrin gidansa ya zama abin karatun wanda ya zauna bayansa.

Na uku, a hana hotuna da bidiyo sauka da kansu. Kowannenmu yana cikin rukunin dangi, da na unguwa, da na masallaci, da na 'yan ajinsu na da. Bidiyon biki guda sai a turo shi wuri huɗu. A waya, a shiga Paramètres, sannan Stockage et données, a kashe saukar kai tsaye. A can ne kuma ake ganin manyan fayilolin da ya kamata a goge. Da haka mutum ya huta da cikar rumbu, ya kuma tsimin kuɗin da yake ba MTN ko Orange.

Na huɗu, a guji jabun manhajoji irin su GB WhatsApp da samari ke tura wa juna. Ba daga kamfanin suka fito ba, suna iya ɗauke da cuta, kuma kamfanin kan rufe lambar mai amfani da su. Haka nan manhajojin da ke alkawarin wanke kwamfuta su sa ta gudu, yawancinsu ƙarin kaya ne bisa tebur.

Kada kuma mu manta da yanayin ƙasarmu. A watannin Maris da Afrilu zafi kan wuce digiri 40 a wannan yanki, ga ƙurar hunturu ta riga ta toshe kafofin iska. Kwamfuta idan ta yi zafi takan rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Saboda haka kada a ɗora ta kan katifa ko darduma, a sa ta kan katako, a riƙa busa ƙurar.

Zumunci wajibi ne, musamman gare mu da danginmu ke warwatse daga Rey Bouba har Yola da Kano. Amma komai da lokacinsa. Mu bar hira a waya, mu bar kwamfuta ta yi aikin da aka saye ta dominsa, musamman ranar da yara ke jiran sakamakonsu. Allah ya sa mu dace.