Yadda Maganin Sankara Da Guba Ke Aiki A Jikin Ɗan Adam

Jikinmu ya ƙunshi ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani. Ƙwaya takan rabu gida biyu domin jiki ya girma ko ya gyara inda ya lalace. Cutar sankara, wato ciwon daji, tana samuwa ne idan wasu ƙwayoyi suka yi ta rabuwa ba tsayawa.

Yawancin magungunan sankara suna kai hari ne ga ƙwayoyi masu saurin rabuwa. Sai dai ƙwayoyin tushen gashi, da na baki, da hanji, da ɓargo su ma haka suke. Shi ya sa majiyyaci kan yi fama da zubewar gashi, da gyambon baki, da ƙarancin jini. Wannan ba sammu ba ne, kuma galibi gashi yakan sake tsirowa bayan kammala magani. Don haka muna kira ga iyalai da kada su janye majiyyaci ba da shawarar likita ba.

Likita yakan auna magani, ita kuwa guba ba ta da awo. Dalma takan shiga ƙwayoyi a madadin sinadarin kalsiyam, ta dagula samar da jini, ta kuma lalata ƙwaƙwalwar yara. A shekarar 2010 ta kashe yara kimanin 400 a Jihar Zamfara, musamman ƙauyukan Anka da Bukkuyum, sakamakon niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje.

Muna roƙon hakimai da dagatai da su hana wannan aiki a gidaje, a kuma gaggauta kai duk yaron da ke jijjiga asibiti.