Gayya a Cikin Birni: Yadda Unguwa Ke Ɗaukar Nauyin Kanta

Duk wanda ya tashi a lungunan cikin birnin Kano ya san akwai ayyukan da ba a jiran wani ya zo daga waje ya yi su. Da zarar hadari ya fara haɗowa a gabas, zafin bazara ya kai ƙarshe, sai ka ji bayan sallar isha'i ladan ya riƙe lasifika ya ce jama'a a ɗan dakata, mai unguwa yana da magana: ranar Asabar za a yashe kwata. Ba a rarraba takarda, ba a rubuta sunan kowa, amma da hantsin ranar samari sun cika lungu da shebur da manjagara da baro, sun naɗe wando zuwa gwiwa, suna fito da baƙar laka da ledoji suna tarawa a bakin hanya. Dattijon da ƙarfinsa ya ƙare yana kan benci yana nuna inda ruwa ya saba tsayawa tun yana yaro. Daga cikin gidaje yara na fitowa da koko da ƙosai da ruwan sanyi, mai hali kuma ya aiko da kuɗin motar da za ta kwashe abin da aka tara kafin ruwan farko ya mayar da shi inda ya fito. Wannan ita ce gayya, kuma a ganina abin da ya raya ta har ta iso yau shi ne mutum yana fitowa da jikinsa a gaban idon maƙwabcinsa. Duk inda aka raba ta da wannan, ko da kuɗi sun ƙaru, aikin yakan yi rauni.

Asalinta gona ne. Manomin da ciyawa ta fi ƙarfinsa, ko saurayin da zai yi wa surukinsa noma, yakan raba goro ya gayyaci samarin gari. A zo da makaɗa, sarkin noma ya shiga gaba, a yi ta tsere a kan kunya har rana ta take, sannan a zauna a sha fura a ci tuwo. Ba a biyan kowa ko anini. To amma a nan ne ake saɓani kan ma'anar abin. Malamai za su ce maka aikin lada ne, haƙƙin maƙwabtaka ne da addini ya ɗora, kuma gaskiyarsu. Tsofaffin manoma kuwa sun san wani abu da ba a cika faɗa a fili ba: wanda ya je gonar wani ya ajiye bashi ne, wanda kuma ya saba noƙewa zai raba goronsa wata rana ya ga gonarsa wayam. Ni ban ga karo tsakanin biyun ba. Niyyar lada ce ke sa mutum ya yi aikin da zuciya ɗaya, sanin cewa zaman duniya cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ne kuma shi ke fito da shi ranar da lalaci ya kama shi. Al'adar da ta dogara da mutanen kirki zalla ba ta daɗewa, domin a kowane gari ba su da yawa. Gayya ta daɗe ne saboda ta san yadda za ta fito da matsakaicin mutum, wanda ke jin kunyar a ce ba a gan shi ba.

Birni bai ari wannan daga ƙauye jiya ba. Ganuwar Kano, wadda aka fara ginawa zamanin Sarki Gijimasu aka faɗaɗa ta zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), hannun jama'a ne ya ɗaga ta, hannun jama'a ne kuma ya riƙa yi mata yaɓe. Haka gidajen ƙasa: kafin damina maƙwabta ke taruwa a kwaɓa ƙasa a yaɓe katanga, a gyara indararo, a fara da gidan tsohuwar da ba ta da ɗa namiji. Mai unguwa, wanda ke ƙasa da dagaci da hakimi, shi ne ya san gidan da aka haihu, gidan da baƙo ya sauka, da gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba. Wannan sanin shi ne jarin unguwa na farko, kuma ba a samunsa a ofis.

Inda gayya ta fi nuna ƙarfinta har gobe shi ne ranar mutuwa. Kafin dangi na nesa su ji labari, maƙwabta sun riga sun raba aiki ba tare da an zauna taro ba. Wani ya ɗauki kara ya auna tsawon mamaci ya nufi maƙabarta da shi, don masu haƙa su san gwargwadon ramin. Wani ya tafi kasuwa yanko likkafani, tela ya ajiye ɗinkin da ke gabansa ya haɗa shi, kuma abin kunya ne a tambaye shi nawa ne. Makara tana jingine a masallacin unguwa, ta kowa ce, da ita ake ɗaukar attajiri da ita ake ɗaukar almajiri. A hanya kafaɗa na karɓar kafaɗa, har wanda bai san mamacin ba yakan sauka daga babur ya sa hannu ya yi 'yan taku. A bakin kabari wasu na miƙo itace ko tukwane, wasu na kwaɓa ƙasa, wasu na ɗebo ruwa. A gida kuwa an shimfiɗa tabarmin da aka tattaro daga zauruka, kuma kwana uku matan gidan ba za su hura wuta ba, kwanuka ne za su yi ta shigowa daga maƙwabta, kowanne da alamar gidan da ya fito don a san inda za a mayar. An yi ta jayayya kan sadakar uku da bakwai da arba'in, wasu unguwannin sun bari wasu suna yi, amma ban san malamin da ya taɓa cewa a daina kai abinci gidan makoki ba. Masu haƙar kabari a maƙabartu irin su Dandolo da Abbatuwa da yawansu sun shekara da shekaru suna wannan aiki a kan ɗan abin da aka miƙa musu, kuma a watan Afrilun 2020, lokacin da mace-mace suka yawaita a Kano ana tsakiyar kullen korona, daga bakinsu aka fara jin girman abin, domin su ne ke ƙirga ramukan da suke haƙawa. Dalilin da ya sa wannan reshe na gayya bai bushe ba a fili yake: ba a aika wakili ya ɗauki makara, kuma kowa ya san wata rana kafaɗun nan zai buƙata.

Zamani ya ƙara wa gayya riguna. Jama'atu Nasril Islam da aka kafa a Kaduna a 1962, da Fityanul Islam a Kano a 1963, da Izala a Jos a 1978, kowacce ta fito da rundunar 'yan agaji masu kaki, waɗanda ke tsara sahu a filin idi, su tare hanya ranar Juma'a, su yi wa maniyyata hidima a sansanin alhazai, su ɗauki wanda haɗari ya rutsa da shi zuwa asibiti. Yawancinsu 'yan kasuwa ne da teloli da direbobi, kuma sau da yawa da kuɗinsu suke ɗinka kakin. Hisbar Kano ma da 'yan sa-kai ta fara kafin dokar 2003 ta mayar da ita hukuma. A ƙasa da waɗannan akwai ƙungiyoyin ci gaban unguwa da ba su ƙirguwa: masu rumfa da kujerun da ake ara ranar biki, masu koyar da yara darasi a lokacin hutu, masu neman wanda zai ba da jini idan an kwantar da ɗan unguwa a Asibitin Murtala, masu dafa kunun buɗa-baki da azumi. A Nijar ma ƙungiyar matasa ta Samariya ta yi irin wannan tashe zamanin Seyni Kountché. Masu cewa gayya harkar maza ce ba su leƙa cikin gida ba. Wace ce ta kwana tana tuƙa tuwon suna a gidan da ba nata ba? Babbar tukunyar da ke yawo gida-gida, adashin da ke fitar da mace kunya ranar aurar da 'ya, bikin da ake rubutawa a zuci a rama da ƙari, tsohuwar da ake bugawa ƙofa da tsakar dare idan naƙuda ta tashi, duk gayya ce, kuma ta fi ta maza tsari wajen riƙe lissafi. Da aka kafa ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN a Minna a 1985, kan wannan tsohon tushe ta ɗora makarantunta da asibitocinta.

Akwai ƙorafi mai nauyi da ya kamata a saurara. Masu shi na cewa duk ranar da unguwa ta yashe kwatarta, ta yi karo-karo ta gyara taransifoma, ta haƙa rijiyar burtsatse, ta ɗauki 'yan sintiri, to ta sauke wa gwamnati nauyin da aka zaɓe ta dominsa, talaka ya biya haraji sau biyu. Wannan gaskiya ne, kuma akwai ayyukan da shebur ba zai taɓa yi ba. Kududdufan da ke shanye ruwan birni an cike da yawansu an yi gini a kai, kuma babu yawan samarin da zai mayar da ruwan Jakara hanyarsa idan an toshe ta da bulo. Sai dai ƙorafin ya ɗauka cewa idan jama'a suka naɗe hannu hukuma za ta ji kunya ta zo, alhali abin da ake gani shi ne unguwar da ta saba taruwa ita ce ke iya tura dattawanta su zauna a ofishin shugaban ƙaramar hukuma har sai an saurare su. Waɗanda suka yi karo-karon kwalbati sun san nawa buhun siminti yake, saboda haka ba a yi musu ƙaryar kwangila cikin sauƙi. A duba kuma tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata, wadda ta samo asali daga yaƙi da rashin ɗa'a na mulkin soja a 1984 da 1985. Doka ta iya hana motoci fita da safe, ta iya cin tarar wanda ya karya, amma mutane da yawa barcinsu suke ƙarawa har lokacin ya cika. Mutumin da ya kwanta ranar dokar gwamnati shi ne zai fito da shebur ranar da mai unguwa ya kira, domin jami'in tsafta bai san sunan mahaifinsa ba, maƙwabcinsa kuwa ya sani.

Wani kuma zai ce ana yi wa jiya kwalliya ne kawai. Ba kowane hannu da ya ɗauki ƙasar ganuwa ne ya ɗauka da son ransa ba, akwai bayi, akwai umarnin sarki, daga baya kuma Turawa suka zo da aikin dole. Idon maƙwabci da nake yabo shi ne dai idon da ke takura wa baƙo da marar galihu. 'Yan sintiri, waɗanda suka hana ɓarayi da 'yan daba sakat a unguwanni da yawa, an sha samun wasunsu da dukan wanda ake zargi kafin a kai shi ga hukuma. Ban musa ko ɗaya ba. Abin lura shi ne ɓarnar takan fi yawa ne a inda aka bar samari da gora ba dattijo a kansu, ko inda ɗan siyasa ya saya musu fitila da babur ya mayar da su yaransa. Sintirin da ke kai rahoto ga mai unguwa da liman, wanda iyayen yaran suka san wa ya fita daren jiya, yana da birki. Maganin gayyar da ta karkace shi ne a ƙara mata idanu, a sa masu furfura a ciki.

Abin da ya fi damuna yana sababbin unguwanni ne, irin waɗanda suka bazu bayan ganuwa ta wajen Rijiyar Zaki da Danbare da Hotoro. Gida ya zama doguwar katanga da ƙofar ƙarfe, babu zaure, babu dakalin da za a zauna a san juna. Mai gida na fita da mota da sassafe ya dawo bayan isha'i, idan an yi maganar aikin unguwa a zauren WhatsApp sai ya tura kuɗi ta waya ya ɗauka ya fita haƙƙi. Kuɗin na da amfani, taransifoma ba ta gyaruwa da addu'a kawai. Amma kuɗin da ba a bi su da ƙafa ba sukan taru a hannun mutum biyu ko uku, ba mai tambaya, sai zargi ya shigo, shekara ta zagayo a nemi karo-karo kowa ya yi shiru. A tsofaffin unguwanni ma'aji kan miƙe bayan sallar magariba ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, gida-gida, har da naira ɗari biyun mai sayar da ƙuli-ƙuli, kuma wannan karatun shi ke sa a sake bayarwa. Sannan ga 'yan haya, waɗanda a wasu unguwannin sun fi masu gidaje yawa, amma ba a kiransu taro sai ranar karɓar kuɗin sintiri. Mutumin da ba a gayyace shi shawara ba, ba a je masa barka ba, ba a zauna masa makoki ba, da wuya ya ji kwatar lungun tasa ce. Wasu masu unguwanni sun fara gane haka, suna sa wakilin 'yan haya a kwamiti, suna kai wa sabon baƙo ziyara a makon da ya tare su gaya masa ranar taro da inda makara da kujerun aro suke.