Cikowa da Janyewar Ruwa a Fadamar Haɗeja da Nguru

Duk wanda ya bi hanya daga Haɗeja zuwa Nguru ko Gashuwa da kaka zai yi mamakin ganin ruwa shimfiɗe, ga tsuntsaye fari fat, a ƙasar da aka sani da fari da rairayi. Asalin wannan ruwa daga nesa yake. Kogin Haɗeja yana tasowa daga ƙasar Kano, kogin Jama'are kuma daga tsaunukan Jos. Da suka iso wannan yanki sai suka tarar da jerin tuddan rairayi, suka rarrabu ƙorama-ƙorama, suka bazu, kafin su sake haɗuwa su zama kogin Yobe wanda yake zuba a Tafkin Cadi.

Abin lura shi ne rayuwar fadama ba ga yawan ruwa kaɗai ta dogara ba. Ta dogara ne ga zuwansa da kuma tafiyarsa. Ruwa yakan cika wajen Agusta da Satumba, sa'an nan ya riƙa janyewa sannu a hankali, kuma kowace halitta a nan ta san lokacinta.

A ɗauki tsirrai tukuna. Bado yakan shimfiɗa ganyensa bisa ruwa, saiwarsa tana cikin laka, mutane kuma suna cin 'ya'yansa da tushensa, musamman a shekarar yunwa. Kainuwa kuwa yawo take yi a kan ruwa, ba ta kafe ko'ina ba, shi ya sa ake yi mata kirari da dashen Allah. Burgu yakan yi tsawo tare da ruwa, idan ruwa ya janye ya zama abincin shanun Fulani da rani. A bakin gaɓa akwai giyayya da bagaruwa, can kan tudu kuma ga goruba, wadda ake saƙa tabarma da kabarta.

Kifaye ma haka. Tarwaɗa da karfasa sukan bi sabon ruwa su shiga cikin ciyawa su yi ƙwai, 'ya'yansu su girma inda abinci ya wadata. Gaiwa kuwa ba ta gudu idan tafki ya ƙafe. Takan nutse cikin laka, ta lulluɓe kanta da yauƙi, tana shaƙar iska da huhu har damina ta dawo. Hausawa sun ce gaiwa jikinta take ci, masana kimiyya kuma sun tabbatar cewa da naman jikinta take rayuwa a wannan zama.

Cikin tsuntsaye akwai 'yan gida, irin su ɗinya da kirinjijiya da zalɓe da balbela. Akwai kuma baƙi, wato agwagin ruwa da sauran tsuntsayen da suke gudo sanyin Turai, su ƙetare Sahara su yi hunturu a nan. Saboda su ne aka keɓe wuri a Dagona, aka kuma sa tafkin Nguru cikin jerin fadamun duniya na yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000.

To, wannan tsari ya sami tangarɗa. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Ambaliyar damina ta ragu, sa'an nan aka riƙa sako ruwa har da rani, wuraren da suka saba bushewa suka daina. Wannan ya yi wa kacala daɗi, wato doguwar ciyawar nan mai son ruwa kwance. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren su. Wasu ƙauyuka ruwa ya yi musu yawa, wasu can ƙasa ya kasa isa gare su. Cikinta kuma jan-baki yake kwana, ya wayi gari ya faɗa wa gero da dawa.

Darasin da ke nan ya shafi ɗalibi, ya kuma shafi ma'aikacin da zai sa hannu a takardar rabon ruwa. Madatsa tana da amfaninta, birnin Kano da manoman Kadawa shaida ne. Amma wanda yake riƙe da makullinta ya kamata ya san cewa manomi da masunci da makiyayi na can ƙasa suna bukatar ruwa ya zo musu da damina, ya kuma tafi da rani, kamar yadda gaiwa da burgu suke bukata.