Tsara Kwas Mai Haɗa Aji da Intanet Domin Manyan Ɗalibai

Abin da ake nufi da kwas mai haɗi shi ne wanda ake yin wani ɓangarensa a cikin aji, ido da ido, sauran kuma ta intanet. Tun da annobar korona ta sa aka rufe jami'o'i a 2020 wannan tsari ya bazu. Sai dai sau da yawa malami yakan ɗora takardun laccarsa a Moodle, ya rage sa'o'in aji, ya ɗauka ya gama. A ganina bai ma fara ba.

Tambayar farko ita ce: wane aiki ne ɗalibi zai iya yi shi kaɗai, wanne ne kuma sai da malami a gabansa? Mu ɗauki karin sauti da tsawon wasali, waɗanda rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nunawa. Kalmar "kuka" ta mai hawaye da "kuka" ta miya rubutunsu ɗaya, karin sauti ne ya raba su. "Gari" na zama da "gari" na tuwo kuwa tsawon wasalin farko ne ya bambanta su. Kunne ba ya kama irin wannan sai da maimaici, kuma waya ba ta gajiya da maimaitawa. Saboda haka sauraro aikin gida ne. Amma furtawa aikin aji ne, domin wanda ya yi kuskure ba kasafai yake jin kuskurensa ba, sai wani ya tsayar da shi.

Malcolm Knowles, masanin ilimin manya ɗan Amurka, ya nuna cewa babba yakan so ya san amfanin abu kafin ya koye shi. Ɗalibinmu malamin makaranta ne ko ma'aikacin rediyo, ga iyali, sai bayan isha'i yake samun sukuni. In ya saurari darasi da dare, ya zo aji malam bai ko tabo shi ba, mako mai zuwa ba zai saurara ba, kuma da gaskiyarsa. Don haka kowane zama ya fara da abin da aka ji a gida: a sa biyu ko uku su furta, a gyara.

Sautin kuma ya zama gajere, minti 3 zuwa 5, wanda za a sauke sau ɗaya ta WhatsApp a riƙa ji ko babu intanet. Bidiyon sa'a guda kuɗin data yake ci, kuma daga aljihun ɗalibi suke fita.